Numfasa Mana, Auta

Asabar, da hantsi

Umma, ki yi haƙuri. Na san ba tarbiyyar da kika yi mini ba ce in zauna ina rubuta maganar babba ba da izininta ba, balle ke da kike kwance ba ki da bakin hana ni. Ni ma ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba. Amma magana ta taru mini a ƙirji, kuma kin san in na buɗe baki a gaban mutane ba ta fita daidai. In kin tashi kika ga abin bai dace ba, ki yaga, ba zan ce komai ba.

Bari in fara gaya miki inda kike, don an ce mai irin wannan barcin ba ya sanin inda aka kwantar da shi. Ɗaki ne a saman bene na asibiti, a ƙarshen wata doguwar baranda, inda ake ajiye waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Kafin a shiga sai an cire takalmi, a wanke hannu, a sa wata shuɗiyar riga mai ɗauri ta baya. Ɗinkinta ba kyau, Umma. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Gadonki na kusa da taga. An sa miki tiyo ta baki har cikin maƙogwaro, an manne shi da filasta a kumatunki, ɗaya bakin kuma yana jone da na'urar numfashi. Ita ke hura miki iska, ta saki, ta hura, ta saki. Tana da allo kamar ƙaramar talabijin, wani layi na tafiya a kai yana hawa yana sauka kamar tuddai.

Da yamma kawai ake barin mu, kuma ɗaya bayan ɗaya. Abba ya fara, sai Gwaggo, sai ni. Gwaggo ta dawo gidanmu da kwana tun ranar Talatar nan ta gobarar shagonki. Ta sake wa tukwanenki wuri. Zan mayar da su kafin ki dawo.

Lahadi, bayan mun dawo

Yau na shiga na tsaya kamar an dasa ni. Abba in ya shiga, ƙafarki yake dafawa ta kan bargo ya yi shiru. Gwaggo kuwa ina hango ta ta gilashin ƙofa, bakinta bai huta ba har aka ce lokacinta ya cika. Wai ta ba ki labarin layinmu kaf, har da kazar maƙwabta da ta ƙi kwanciya a kan ƙwanta. Ni ban san me zan ce ba.

Akwai wata nas doguwa mai gilashi, ita ke kula da ke da yamma. Ta dube ni ta ce, "'Yan mata, ba gadi aka kawo ki ba. Yi mata magana, wataƙila tana ji."

Na ce, "Me zan ce?"

"Me kika saba ce mata?"

Sai na tuna ba hira na saba yi miki ba, karatu ne. Kullum in na taso daga makaranta nakan shiga ɗakin bayan shago ta ƙofar baya, ke kina gaba a kan keken ɗinki, ni ina karanta miki darasin ranar da ƙarfi ta labulen da ke tsakaninmu. Na ciro takardar da Malama ta ba ni, wadda zan karanta a gaban makaranta a ƙarshen zango, ta yadda ruwan sama ke haɗuwa. Na karanta miki ita duka. Ba ki motsa ba. Nas ɗin ta ce, "Har kin gama? Ai ni ko zama ban yi ba."

Litinin, da safe

Gwaggo ta wanke rigar da Abba ya sa ranar Talata, ta sake wankewa, warin ya ƙi fita. Ta cusa ta a leda ta kai bayan ɗaki.

Litinin, da yamma

Ban bi ta titin shago ba. Ta bayan gidan mai na zaga. Ya fi nisa, amma ba komai.

A aji kowa na yi mini kirki har abin ya ishe ni. Wadda ke ɗaukar mini biro kullum yau ita ta ba ni nata. Malama ta ce in ina so a ba wa wata karatun ƙarshen zango, ba laifi. Tana maganar tana kallon allo. Ni ma allon na kalla.

Laraba, da yamma

Yau an rage miki maganin barci. Yatsunki sun motsa lokacin da Abba ke ciki. Ya fito yana goge ido da bayan hannu, wai ƙurar katako ce ta shige masa. Kafintan da bai taɓa zarto ba tun ranar nan, ina ya samo ƙurar katako?

Da na shiga na gaishe ki, na ciro takardata. Ban kai rabi ba na'urar ta fara kuka, wani ƙara mai tsini, jar fitila na walƙiya a samanta. Ƙirjinki ya ɗaga, ya tsaya, ya sake ɗagawa tun bai sauka ba. Jijiyoyin wuyanki duk suka fito. Tuddan kan allo suka cakuɗe kamar zaren da ya harɗe a ƙarƙashin keke. Nas mai gilashi ta zo ta dafa kafaɗarki tana cewa, "Sannu Mama, bi ta a hankali, kar ki yi kokawa da ita." Ta ce in jira a waje. Daga baya ta ce an ƙara maganin, kin koma barci.

Gwaggo ta ce turaren matar da ta zo duba na gadon kusa ne. "Turare kamar ta faɗa cikin kwalbar! Ni da nake da lafiyata ma sai da numfashina ya ɗauke."

Alhamis, da yamma

Na'urar ta sake kuka. An sake ƙara maganin.

Juma'a, da rana

Likita ya kira mu ofishinsa, ɗan ɗaki mai kujeru biyu, ni na tsaya a bayan Abba. Mutum ne mai furfura a gemu, yana magana kamar mai gudun tayar da jariri. Zan rubuta yadda na fahimta, don in kin tashi ki san abin da aka yi da ke.

Ya ce hayaƙin da kika shaƙa ya ji wa huhunki ciwo, amma yana warkewa. Da farko na'ura ke yin komai, ke kina barci. Yanzu so ake ki karɓi aikinki da kaɗan-kaɗan. An saita ta yadda za ta jira ki. In kin fara jan iska, ko ɗan kaɗan ne, za ta ji, ta tura miki sauran. In kin gama, ta saki.

Ya dubi Abba ya ce, "Kamar mutum biyu ne riƙe da babban zarto. Wannan ya ja, wancan ya saki. In suka ja tare fa, Malam?"

Abba ya ce, "Sai zarto ya lanƙwashe."

"To shi ke faruwa."

Ya ce da safe kuna shiri da na'urar. Da yamma ne kike riƙe numfashi tana turawa, ko ki ja biyu a jere tun ba ta saki na farko ba. Ya canza saiti, ya duba ko ciwo kike ji, ko majina ce ta toshe tiyo. Bai gano ba tukuna. Duk lokacin da kuka yi karo dole a ƙara maganin barci, kuma duk ƙari yana sa naman ƙirjinki ya ƙara sanyi. Tiyon kuma ba zai dawwama a baki ba. In zuwa ƙarshen mako mai zuwa ba ku daidaita ba, za a huda miki wuya a ƙasan maƙogwaro a mayar da shi ta can, zaman kuma ya ƙara tsawo.

Gwaggo ta ce, "Likita, matar da ko allurar rigakafi sai an yi mata waƙa? Ita da ke soka wa yadi allura wuni guda, amma ita kar a taɓa ta."

Ya ɗan yi dariya. Ya ce ba abin tsoro ba ne, da yawa an yi musu sun warke, amma shi ma ya fi so a kauce masa.

A hanyar gida Abba ya yi ta shafa ƙasan maƙogwaronsa. Ban jin ya san yana yi.

Asabar, da yamma

Abba ya fita da sassafe, ya dawo da kan kekenki a cikin buhu, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwa. Ya zauna a tsakar gida da kananzir da tsohon buroshi yana gogewa. Zanen furannin nan na jikinsa ya tafi. Ya ce ƙafar ƙarfen tana nan, teburi kawai zai sake.

Mai kantin maɓalli na kusa da shagonki ya zo yi mana sannu. Yana cikin magana ya ce, "Wallahi mu uku muka riƙe ta, ta fizge ta koma cikin shagon. Tana ta kiran..." Sai Gwaggo ta ce, "Malam, shayinka zai huce," da wata irin murya. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya shanye da zafinsa.

Na shiga ɗaki na yi aikin lissafi. Ina jin duk na ci.

Yau ma na'urar ta yi kuka.

Lahadi, da yamma

Na yi ta juya maganar likita. Da yamma, ya ce. Amma yamma tana da faɗi. Abba na shiga da yamma, lafiya. Gwaggo na shiga da yamma ta yi surutun da ko bango zai gaji, lafiya. Matar mai turare an sallami mara lafiyarta tun shekaranjiya. Saura mutum ɗaya.

Ban gaya wa kowa ba. Na ce wa Abba ina da gwaji, ya haɗa lokacina da nasa. Na zauna a bencin baranda da littafi a buɗe. Daga nan ana jin na'urorin ɗakin duka, kuma na iya bambance taki. Ba ta yi kuka ba.

Ba laifi, Umma. In muryata ce ba kya son ji yanzu, na gane.

Litinin, da yamma

Ban shiga ba. Ba ta yi kuka ba. Gwaggo ta ce addu'arta ce.

Talata, da rana

Yau Talata. Na zaga ta bayan gidan mai.

Laraba, bayan mun dawo

Ina zaune a benci sai ga nas mai gilashi ta fito, hannu a ƙugu.

"Ke, mai karatu. Gwajin naki ba ya ƙarewa ne? Tun shekaranjiya shafi ɗaya nake gani a buɗe."

Na sunkuyar da kai.

"Mamanki ta buɗe ido yau. Babanki ya shiga, ta dubi ƙofa. Gwaggonki ta shiga, ta dubi ƙofa. Ni dai na san ba ni take nema ba, don ni allura nake kawo mata."

Da ƙyar na ce, "In na shiga, na'ura kuka take."

Ta dube ni ta saman gilashi. Ta ce ita ma ta lura, amma ba ta so ta ɗora wa yarinya abin da ba ta tabbatar ba. "Taso. Ki yi abin da kika saba, ni zan tsaya in ga me ke faruwa. In ta fara, zan tsayar da ke."

Idanunki a buɗe, Umma. Ba sosai ba. Suka sauka a kaina suka tsaya. Na gaishe ki, tuddai na tafiya daidai. Na ciro takarda na fara. Ban kai ƙarshen sakin layi na farko ba, nas ta ce, "Tsaya." Ta jira har kika lafa, sannan ta nuna mini allon da bakin biro.

"Nan kika fara karatu. Dubi, ta daina ja. Na'ura ta jira, ta jira, har ta gaji ta tura da kanta, ita kuma ta ƙi karɓa. Nan kuma kika tsaya kika haɗiyi iska kamar wadda aka tsamo daga ruwa, sai ta ja biyu a jere." Ta cire gilashinta. "Ke wai yaushe kike numfashi in kina karatu?"

"In na gama."

"In kin gama! To ita ma jira take ki gama."

Umma, sai na tuna. Kullum a shago, in na kai tsakiyar shafi, keke yakan tsaya, ki ce daga bayan labule, "Numfasa mana, Auta, kin sa ni ma na riƙe nawa." Kullum. Ni na ɗauka tsokana ce irin taki.

Na gaya wa nas ɗin. Ba ta yi dariya ba, likita ta kira. Ya saurara yana jan gemu. Ya ce ba zai rantse cewa shi ne dalilin duka ba, amma ya sha ganin mara lafiya yana bin muryar nasa, kuma abin da aka gani a allo an gani. Shi zai ɗan ƙara wa na'ura haƙurin jira, ni kuma in rage gudu. "Kowa ya gyara nasa saitin," in ji shi.

Ashe ba ƙin muryata kike ba. Bin ta kike.

A baranda Gwaggo ta tafa hannu. "Hajiya Gaggawa! Na sha faɗa, yarinyar nan ko ta yi shiru kamar tulu, ko ta zuba kamar an fasa shi. Ni da ake ce wa mai surutu, ga shi nawa bai taɓa tayar da inji ba."

Abba ya ce, "Naki ai ba saurara take ba, Yaya."

Ta bi shi da mafici har bakin matakala. Wannan ce dariyar farko da na ji Abba ya yi tun ranar nan.

Alhamis, bayan makaranta

Da aka tashi na tsaya har aji ya watse. Na je gaban tebur na ce, "Malama, ina so mu ci gaba da abin da muka fara ranar nan."

Ta ajiye alli. Ta karkaɗe hannunta. Sannan ta ce, "Da ban ce sai kin karanta mini layi ɗaya kamar mutum za ki tafi ba..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taimaka mata ba. Na miƙa mata takardar.

Ta ɗauki jan biro tana saka 'yar sanda a tsakanin kalmomi. "Nan ki tsaya. Nan ma. Ba don kin gaji ba, don mai sauraro ya iso inda kike." Ta tambaye ni me ya sa nake gudu. Na ce don in gama a daina kallona. Ta ce, "Ke dai ba ki lura ba. Wa aka fi kallo a titi, mai tafiya ko mai gudu?"

Takardar ta zama kamar yadin da kika yi wa alamar yanka.

Alhamis, da yamma

Na fara da kyau. Sai ga likita da wasu ɗalibansa, suka tsaya a gindin gado suna kallon allo. Ban san lokacin da bakina ya ƙwace ba. Na'urar ta yi kuka, amma gajere, ba a ƙara magani ba.

Da suka tafi nas ta ce, "Su kike yi wa karatu? Ƙirjinta za ki kalla. In ya ɗaga, ki yi shiru ki ja naki. In ya fara sauka, ki yi magana. Ke za ki bi ta tukuna, sannan ita ta bi ki."

Juma'a, da yamma

Zazzaɓi. Ba a bar kowa ya shiga ba. Likita ya ce ba mai tsanani ba ne, amma ya cinye mana lokaci. Ranar Litinin za a gwada ko za ki iya da kanki. In ba ki iya ba, Talata za a yi hudar.

Talata kuma.

Asabar, da hantsi

Abba ya gama teburin keke. Ya ɗora kan, ya sa bel, ya ce in gwada masa feda tunda ni na saba ganin yadda kike yi. Na taka da ƙarfi, sai wilin ya juya baya. Na tuna yadda kike ɗora tafin hannu a kansa, ki bar shi ya fara, sannan ƙafa ta bi. Da na yi haka ya tafi. Ƙararsa ba ta canza ba, Umma. Gwaggo ta leƙo daga kicin, ta koma da sauri ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba.

Daga baya Abba ya ce in karanta masa yana goge katako. Duk inda na tsaya sai hannunsa ya tsaya. Na ce, "Abba, kai ma?" Ya ce shi bai san yana yi ba.

Lahadi, da yamma

Zazzaɓin ya sauka. Na karanta miki takardar duka, ina kallon bargon da ke kan ƙirjinki. Ya ɗaga, na ja. Ya sauka, na faɗi layi. Da farko kamar ina tafiya da takalmin wani. Can tsakiya na manta da allo, na manta da ƙofa, har na ji abin da takardar ke cewa, wanda duk karatun da na yi mata ban taɓa ji ba. Ashe labarin yana da daɗi.

Nas ta ce, "Yau har na zauna, na tashi, na sake zama."

Ba ta yi kuka ba.

Litinin, da rana

Da safe aka yi gwajin. Malama ta ce in tafi, ita za ta yi wa shugabar makaranta bayani. Likita ya ce za a rage taimakon na'ura har ya zama kusan ba ta yin komai, sai dai ta tsaya kusa ko da za a buƙace ta, a ga ko za ki riƙe kanki na wani lokaci. Ya ce ba dole in shiga ba. Nas mai gilashi, da ta zo tun safe saboda gwajin, ta ce, "Ta riga ta sa rigar."

An ɗaga miki kan gado. Idanunki sun fi na kullum buɗewa. Likita ya taɓa na'urar, ƙararta ta yi ƙasa, tuddan suka zama ƙanana, ba su yi kama da juna ba. Ya ce haka ake so, naki ne.

Na karanta. Kin bi ni, ko ni na bi ki, ban iya rarrabewa ba. Amma takardar ta ƙare tun lokacin bai cika ba. Na juya bayanta, ba komai. Na yi shiru. Sai numfashinki ya fara gajarta, yana sauri, gumi ya tsatso miki a goshi. Likita ya matso kusa da na'urar ya ɗora hannu a gefenta.

Ba fuskata kike kallo ba. Hannuwana kike kallo, da wuyana, da kunnuwana, ki koma hannuwana, irin kallon da kike yi wa riga kina neman inda ta yage. Sai na gane. Na naɗe hannun shuɗiyar rigar har gwiwa, na juya miki su ciki da baya.

Ban san ko za ki tuna ba, don haka ga abin da na ce. Na jira ƙirjinki ya sauka kafin kowane ɗaya.

"Umma.

Ina nan.

Ba abin da ya taɓa ni.

Ranar nan ba na ɗakin baya.

Ina makaranta.

Malama ce ta tsayar da ni.

Karatu take koya mini.

A hankali."

Kika rufe ido. Na ɗauka na ɓata komai. Sai ƙirjinki ya ɗaga, ya yi ta ɗagawa, a kan allo wani tudu ya tashi ya fi duk na bayansa, sannan ya sauka a hankali har ƙasa. Hawaye ya gangara ya jiƙa filastar kumatunki. Nas ta ce ƙasa-ƙasa, "Wannan ba na inji ba ne." Likita ya ɗauke hannunsa daga na'urar ya sa a aljihu.

Sauran lokacin ban karanta komai ba. Na ba ki labarin teburin keke, da tukwanen da Gwaggo ta sake wa wuri. Da na zo kan tukwanen kika buɗe ido kika haɗe gira.

Likita ya ce in kin kwana haka, gobe za a cire tiyon.

Talata, da yamma

An cire, Umma. Wuyanki na nan yadda kika san shi. An sa miki wani ɗan siririn tiyo a hanci kawai, na'urar kuma an tura ta jikin bango, allonta a kashe. Ban yi zaton zan ji tausayinta ba, amma da zan wuce na ɗan dafa ta.

Yau an bar mu mun shiga tare. An ce kar mu sa ki magana, maƙogwaronki ɗanye ne. Abba ya dafa ƙafarki yadda ya saba. Gwaggo ta rufe bakinta da hannu biyu, ta ce ko za ta fashe ba za ta yi magana ba. Kika yafito ni da yatsa. Na sunkuyo ina tunanin me za ki fara cewa bayan duk wannan. Kika kama gefen shuɗiyar rigar, kika juya ɗinkin, kika daɗe kina dubawa. Muryarki ta fito kamar ana jan takarda a kan siminti.

"Wa... ya ɗinka... wannan?"

Gwaggo ta fashe. Nas ta kore mu duka.

Da za mu koma gida na ce wa Abba mu bi ta titin shago. Ya dube ni, ya juya muka bi ta can. An share gaban wurin. Ƙofar baya tana nan. Mun tsaya kaɗan, muka wuce.

Takardun nan suna cikin jakata, na zo da su yau ban iya ba ki ba. Na fara su ne lokacin da ba ki da bakin hana ni, kuma abin bai daina damuna ba. Yanzu kina da shi, ko da ɗan ƙarami ne. Gobe in an bar ni zan karanta miki su tun daga farko, da tsayawa a duk inda ya kamata, kuma in na fara gudu kin san abin da za ki ce. In na kai ƙarshe, ina roƙon ki ba ni izini in ƙara rubutawa, don akwai karatun ƙarshen zango da ba za ki samu zuwa ba, kuma ina so ki ji yadda ya kasance. In ba ki yarda ba, kar ki wahalar da maƙogwaronki, ki haɗe gira kawai irin ta tukwane, zan gane. In kin yarda kuma, ba sai kin ce komai ba. Ki numfasa, zan ji.